Minti Ashirin na Muryar Wubbo

Minti ashirin malamar ta ce tana so. Muryarsa shi kaɗai, ba kiɗa, ba hayaniya. Na dube ta, na dubi Wubbo, sai dariya ta ƙwace mini a ofishin mutane.

"'Yata," na ce mata, "shekara arba'in da huɗu ina aure da mutumin nan. In aka tattara duk abin da ya taɓa faɗa mini, ban yi miki alkawarin zai kai minti ashirin ba."

Wubbo ya zaro tsohon ambulan daga aljihu, ya yi rubutu a bayansa, ya tura mata. Ya rubuta: Gaskiya ne.

Ita ce malamar koyon magana ta asibitin birnin Groningen, wadda aka haɗa mu da ita tun da aka cire wa mijina maƙogwaro a watan Fabrairu. Ciwon daji ne, kuma kafin a gano shi ya riga ya cinye muryar, saura shaƙewa kawai. 'Yar na'urar da ake sa wa wasu a wuya su riƙa magana da ita ba ta zauna masa ba. Sai aka ba shi allo irin na zamani, ya rubuta, allon ya faɗa. Sau ɗaya ya gwada. Allon ya ce "barka da asuba" da muryar wani saurayi ɗan manyan biranen yammacin ƙasarmu, irin masu karanta labarai, kowace kalma a goge tas. Wubbo manomin dankali ne, kakan kakansa ma a taɓon bakin teku na arewacin lardinmu na Groningen ya tsufa. Ya ɗauki allon ya sa a durowa ƙarƙashin mayafan tebur, ya koma bayan ambulan.

To, yanzu malamar ta ce akwai masu iya koya wa allon muryar Wubbo ta ainihi, in dai an samo musu tsohuwar magana tasa da aka taɓa naɗa.

Mutanenmu ba masu surutu ba ne, kowa ya sani, amma ko a cikinmu Wubbo daban yake. Ranar ɗaurin aurenmu na fito cikin rigar da na yi wata uku ina ɗinki, na tambaye shi yaya ya gani. Ya ce, "Ba laifi." Da aka miƙa masa 'yarmu Renske a tsumma, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ba laifi." Iyakar yabonsa ke nan, ba shi da na sama da shi. Na yi shekaru ina yi masa tsiya a kan wannan, har a gaban baƙi. Amma da kalmomin biyun nan suka ɗauke daga gidan, na rasa inda zan sa kaina. Ina kewarsu. Kaɗan ne, amma nawa ne.

Shi kuwa sai janyewa yake yi kamar ruwan teku daga taɓo. Ya daina zuwa wasan kati na ranar Juma'a. In aka buga ƙofa sai ya shige rumbu. Yakan wuni a bakin taga yana kallon gonar da muka ba haya. Na san in ban samo masa murya ba kafin sanyi ya shigo, zai gama shigewa cikin kansa ya rufo ƙofa, ni kuma ina waje.

A saman rumbun dankali akwai kwali mai kaset goma sha tara. A da can ƙauyenmu yana da kulob na masu ɗaukar bidiyo, suna da kyamara ɗaya, ƙatuwa, ta saɓawa a kafaɗa, ana aronta bi da bi. Wubbo ya so kyamarar nan, ina jin don tana ba shi wurin ɓoye fuska a taro. In ya gama ɗauka sai ya tafi ɗakin kulob ya ɗora kiɗa a kan kaset ɗin. Kuma kullum kiɗa ɗaya ne, badujalar ƙauyenmu, ganga da ƙaho. Ana yi wa Renske wanka a baho, badujala. Ina shanya, badujala. Mahaifiyata tana gyangyaɗi a kujera ranar bikin haihuwarta, badujala kamar za a tafi yaƙi. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, na ɗauka iyayin 'yan kulob ne. Yanzu fatana ɗaya, a ce akwai kaset ko guda da ya manta bai yi wa wannan ɓarna ba.

Na kira Renske a birnin Utrecht, inda take zaune. Ta ce, "Mama, sai kin sayi katin ɗaukar bidiyo. Shi ke karɓo hoto da sauti daga tsohon bidiyon ya zuba a kwamfuta. Ki bari in na zo Kirsimeti mana."

"Kirsimeti ta yi nisa."

Wubbo yana jinmu. Ya turo mini ambulan: Mafi arha.

Na biye masa, Allah ya yafe mini. Na sayi wani ɗan abu kamar yatsa a shagon da ke sayar da tsintsiya da kyandir. Na jona shi da tsohon bidiyonmu, na sa kaset na farko da hannuna ya kai. Hoto ya fito yana rawa, Renske tana 'yar shekara shida a kan ruwan magudana da ya daskare ya zama ƙanƙara, tana tura kujera tana koyon zamiya. Sauti kuwa wani zuuu kamar ƙudan zuma a gwangwani, badujala na biye da shi a baya. Ban yi minti uku ba na ji ƙurus. Bidiyon ya tauna kaset ɗin. Na zaro shi yana jan hanji, baƙin zare duk ya cukurkuɗe, fari-farin fumfuna a jikinsa. Renske da kujerarta sun tafi ke nan har abada. Araha ba ta ado, na sani tun ina yarinya, amma sai da na sake biyan kuɗin makaranta.

Saura goma sha takwas. Na rantse ba zan ƙara sa ko ɗaya a na'ura ba sai na san abin da nake yi.

Ranar Laraba da safe masu gyara sukan zauna a zauren ƙauye, kowa ya kawo abin da ya lalace, a sha kofi da yankan kek ɗaya ɗaya. A can Onno yake zama, tsohon mai gyaran talabijin. Uwarsa 'yar kudu ce, shi ya sa bakinsa ba ya rufuwa. Na ajiye masa ɗan yatsan da gawar kaset ɗin a tebur.

"Anje, Anje," ya ce yana girgiza kai. "Da wannan kika tunkari kaset ɗin shekara talatin? Ai gara ki ba akuya ta karanta miki shi."

"Ban zo jin wa'azi ba, maƙwabci. Coci ranar Lahadi ne."

Na gaya masa abin da nake nema, har da zancen badujala. Ya ajiye kofinsa.

"Tsaya. Da kyamarar kulob ya ɗauka? Babbar nan?"

"Akwai wata ne?"

"Kuma a gida da wane bidiyo kuke kallo?"

"Wanda muka saya a gwanjo. Mai tauna kaset."

Sai ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ya ce ni ma in zauna. Ya jawo zaren kaset ɗin da ya mutu, ya shimfiɗa a tafin hannunsa. Ya ce kyamarar kulob sau biyu take rubuta sauti. Ɗaya a bakin zaren, siriri, ɗaya kuma a ciki, ƙarƙashin hoton kansa. In mutum ya ɗora kiɗa, na bakin kawai yake gogewa. Na ciki yana nan, ba mai taɓa shi sai an goge hoton. Bidiyonmu na gwanjo kuwa bakin kaɗai ya iya karantawa.

"Kana nufin," na ce, "duk abin da aka faɗa yana nan?"

"Yana nan kwance ƙarƙashin ganga. Rabin 'yan kulob ba su san haka ba. Mijinki ma na tabbata ya ɗauka ya share."

Ya ce yana da bidiyon da ke karanta na ciki, zai ara mini. Zai kuma goge fumfunar da hannu, kaset bayan kaset. Amma in sani, zaren da ya shekara talatin a rumbu mai laima ba ya son wasa. Waɗansu sau ɗaya za su wuce ta na'ura, su zubar da abin da ke jikinsu. Don haka dole katin ya zama daidai tun kafin a danna, ba a gyara bayan an wuce.

Ya buɗe jakarsa ya fito da wani baƙin akwati mai sheƙi, kamar na sabulu. Ya riƙe shi kamar jariri.

"Wannan nake so ki saya. Ba ya ma bukatar kwamfuta. Ki jona, ki danna, ki tafi ki dafa dankali. Yana gyara launi, yana tsayar da rawar hoto, fuska ta fito kamar jiya aka ɗauka. Jikokinki za su sa miki albarka. Sauti ma da kansa yake wankewa."

"Wankewa kamar yaya?"

"Yana tsince shara ya zubar, ya bar magana mai kyau."

"Me yake kira shara?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Iska. Ƙugin tarakta daga nesa. Gunaguni. Duk wani abu mai kauri da ke tafiya ƙasa-ƙasa, wanda bai fito fili ba."

"Onno," na ce, "mijina ka siffanta."

Matan da ke jiran a gyara musu tukunyar shayi suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na tambaye shi ko ana iya hana akwatin wankin. Ya ce a'a, haka aka gina shi. Na ce to ya mai da shi jaka, ya gaya mini wanda ba ya wanke komai, wanda zai ba ni abin da ke kan zaren da ƙazantarsa.

Ya yi tsaki. Ya ce akwai wani tsohon kati, kore, wanda ake buɗe cikin kwamfuta a soka. An daina yin sa tun tuni. Ba ya aiki sai da tsohuwar kwamfuta mai ƙugi. Hotonsa yadda yake a kaset haka zai fito, da dishi-dishi da rawa. Kuma sai na zauna a gabansa daga farkon kowane kaset har ƙarshe ina gadin wata allura mai auna ƙarfin sauti kar ta shiga ja. Sautinsa dai ɗanye ne, ko numfashin sauro ba ya yarwa.

"Shi nake so."

"Ki yi tunani, maƙwabciya. Sau ɗaya ne fa. In kika ɗauka da wannan, hoton da kika samu shi ke nan, Renske za ta ce me ya sa kowa ya yi kama da fatalwa."

"Fuskarsa tana gida, kullum ina ganinta, har ta ishe ni. Ba hoto na zo nema ba."

Tsohuwar kwamfutar yana da ita. Katin ne ba shi da shi, amma kafin in gama kek ɗina ya samo wani mutum a garin Appingedam da ya sa nasa a kasuwa.

Da rana muna cin dankali da wake na ba Wubbo labari, ina murna kamar wadda ta tsinci zobe. Da na kai wurin sautin da ke ƙarƙashin hoto, cokalinsa ya tsaya a hanya. Ya ajiye shi. Ya rubuta: A bar shi.

"A bar me?"

Ya ja layi biyu a ƙarƙashin rubutun, ya tashi bai gama cin abinci ba. Tun da na san shi bai taɓa barin dankali a faranti ba.

Washegari Alhamis, ranar kwasar shara. Na hau saman rumbu in ɗauko kwalin in kai wa Onno, na tarar da wurin fayau, sai shatin kwali a kan ƙura. Ina tsaye na ji ƙarar motar shara a ƙarshen layi. Ban san ina da sauran gudu a ƙafafuna ba sai ranar. Na isa bakin titi da silifa, na ɗaga murfin bola, ga su nan a ƙarƙashin garin kofi da ɓawon albasa, ya ma lulluɓe su da jarida don kar in gani. Na zura hannu har kafaɗa ina zarowa ina ƙirgawa. Direban ya tsaya yana jirana, ya ce, "Uwa, zinariya ce?" Na ce ya fi nan, ya yi haƙuri. Goma sha takwas cif na rungumo a cikin atamfar girkina.

Wubbo yana bakin taga, ya ga komai. Na zube su a tebur a gabansa.

"Ruwa ba ya tsami banza, Baban Renske. Me ke ciki? Uwata ka zaga? In ita ce, na riga ka, kuma ta mutu ba za ta ji ba. Wata mace ce? Wace mara aikin yi ce za ta tsaya jiran ka buɗe baki?"

Ya girgiza kai. Ya rubuta: Surutu ne.

"Surutu nake nema. Minti ashirin."

Ya rubuta: Nawa ne.

"Rabinsu nawa ne, haka takardar aurenmu ta ce. Ka ɗauki hoton, ni in ɗauki maganar." Na matso kusa da shi. "Ka ji ni da kyau. Na yarda likita ya cire maka maƙogwaro don ka rayu. Ban yarda ka zauna a taga ka mutu a zaune ba. Ina son in ji wani ya ce mini ba laifi a gidan nan. In ka sake taɓa kaset ɗin nan, kai zan sa a bola ranar Alhamis."

Ya ɗauki fensirinsa. Sannan ya rubuta: Ba zan zauna a wurin ba.

"Ba wanda ya gayyace ka."

A ranar na kai wa Onno kaset ɗin a bayan keke. Ranar Asabar na tafi Appingedam. Iska tana gabana tun daga ƙofar gida, irin wadda ke sa mutum ya ji kamar baya yake yi, batirin kekena mai lantarki kuma ya mutu saura kilomita huɗu. Mai katin ya fito da shi a cikin ledar burodi. Ɗan kore ne, bai kai tafin hannuna biyu ba, da ƙura a haƙoransa. Ya ce, "Uwa, kin tabbata? Akwai na zamani fa, masu gyara komai." Na ce na ji labarinsu. Na naɗe shi a mayafina na sa a ƙirji, don an fara yayyafi.

Kwana goma Onno ya yi yana goge fumfuna. Ranar Talata bayan abincin rana ya zo da kaya a amalanke, ya cika mini teburin kicin da wayoyi. Wubbo yana ganinsa ya sa hula ya nufi rumbu. Onno ya soka katin a cikin kwamfutar, ta tashi tana ƙugi kamar injin niƙa. Ya fara gwadawa da wani kaset nasa na banza, ya nuna mini allurar, ya nuna mini inda ake juya bidiyon ya karanta sautin ciki. Sau uku ya sa na maimaita da hannuna.

"Wanne za mu fara?"

Na zaɓi wanda aka rubuta wa Girbi 1989. Ya ce wannan yana cikin masu rauni, in an danna ba tsayawa. Na ce ya danna.

Hoto ya fito, fari-fari, yana ɗan rawa. Gonarmu ce. Ga injin tonon dankali, ga wata mata a bayansa da ɗankwali ja tana tsince duwatsu daga bel ɗin da ke ɗauko dankalin. Sai da na ɗan jima na gane ni ce. Onno ya sa abin ji a kunne yana kallon allura. Ya yi kamar minti ɗaya. Na ga girarsa ta ɗaga, sannan bakinsa, wanda ban taɓa gani a rufe ba, ya rufe. Ya cire abin jin a hankali ya ajiye.

"Yana nan," ya ce. "Ni zan je in duba... na bar wani abu a wuta a gida. Allurar dai kar ta shiga ja."

Ya kunna lasifika, ya fita bai ko ɗauki hularsa ba.

Iska na fara ji, tana bugun kyamarar. Sai tarakta can nesa. Sai wani tari da na sani kamar sunana. Sannan, ƙasa-ƙasa, kusa sosai, kamar a bayan kunnena:

"To. Ga ta can."

Na dafa tebur.

"Tun asuba take tsaye. Ba za ta ce ta gaji ba, sai dai ta ce ni na cika sanyin jiki." Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Dubi hannun nan. Dutse, dankali, dutse. Ba ta ko kallo. Kai Wubbo, da kunnuwanka kamar faifai, yaya aka yi ta ce to? Har yau ban gane ba. Wataƙila rana ce ta shiga idonta."

Matar da ke hoton ta ɗago kai, ta sa hannu a baki ta ƙwala kira: "Wubbo, ajiye abin nan ka zo ka kama buhu!"

"Ina zuwa," ya amsa da ƙarfi, da muryar da kowa ya sani. Sannan ya koma ƙasa. "Ko faɗan nata ina so. Gidan da ba faɗanta ai rumbu ne. Kar ki juyo, yarinya, bari in ƙara kallo kaɗan."

Yarinya. Bai taɓa kirana haka ba, ko muna samari.

Inuwa ta faɗo a kan tebur. Wubbo ne a bakin ƙofa, hula a hannu, kunnuwan nan sun yi ja wur. Ya nuna bidiyon, ya yi alamar yanka da hannu.

"Ba a tsayarwa," na ce. "Sau ɗaya zai wuce."

Ya tako zai kai hannu wurin soket. Na miƙe na tsaya tsakaninsa da shi. Muka tsaya haka muna kallon juna, tsofaffi biyu, saurayin da ke cikin lasifika yana ta zuba. Ya yi zancen ranar da ya fara ganina a bakin magudana ina zagin wani kare. Ya yi zancen rigar aurena, har da maɓallan baya, ya ce goma sha huɗu ne, kuma goma sha huɗun ne. Ya ce ranar da ya ce mini ba laifi, abin da ke bakinsa ya fi haka, sai dai ya ƙi fitowa. A hankali Wubbo ya ja kujera ya zauna, ya kifa hular a gwiwa. Ni kuma ido ɗaya a kan allura, ɗayan ba ya ganin komai saboda ruwa.

Can wajen ƙarshe hoton ya karkata, ya nuna ƙasa da takalmansa na roba, alamar ya sauke kyamarar.

"To, ya isa," muryar ta ce. "Gobe zan gaya mata."

Allon kwamfutar ya koma shuɗi.

In faɗi gaskiya, ba daɗi kaɗai na ji ba, na ji haushi har wuya. Shekara talatin da shida wannan abu yana kwance a saman rumbuna, ni kuma ana kaɗa mini ganga. Na share ido da atamfar girki.

"Wa kake gaya wa duk wannan? Kyamarar kulob? Ina nan, taku ashirin tsakaninmu."

Ya lalubo ambulan. Ya rubuta a karkace: Ita ba ta kallona.

Na karanta, na ninke ambulan ɗin na sa a aljihuna. Yana nan har yau.

Sati uku na yi ina bin sauran, kaset ɗaya kowace rana bayan abinci. Biyu sun zubar da jikinsu a hanya, ba a sami komai ba. Waɗansu hayaniyar biki ce zalla. Amma duk inda kyamarar ta same ni daga nesa, ina shanya, ina wanke taga, ina ɗaure wa Renske takalmi, sai muryar nan ta taso ƙasa-ƙasa, gauraye da iska da kukan tsuntsayen teku. Onno ya ce da baƙin akwatinsa ne da rabinta ta bi iska zuwa bola, ya kuma ce kar in gaya wa kowa ya faɗi haka. Kaset bakwai ne suka ƙare da gobe zan gaya mata. Wubbo bai ƙara zuwa rumbu ba. Yakan zauna a gefena yana riƙe mini agogo muna ƙirga mintunan muryarsa, kunnuwa ja.

Minti arba'in da ɗaya muka kai wa malamar. Ta ce sai ta saurara kafin ta aika. Wubbo ya rubuta mata: Da abin ji a kunne.

Renske ta ga hotunan ta ce kowa ya yi kama da fatalwa. Na ce haka muke a lokacin.

Allon ya dawo a farkon Disamba, ranar da aka fara ƙanƙara. Ya kwana biyu a kan tebur a cikin kwalinsa, ban ce uffan ba, ko da yake harshena har ƙaiƙayi yake. A rana ta uku, ƙarfe goma na safe, na zuba masa kofi na juya zan mai da tulun kan murhu. Na ji yana danne-danne da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai dasa iri. Na yi kamar ina goge murhun.

"Kofi ba laifi."

Muryarsa ce. Ta ɗan fi shi ƙuruciya, kuma can ƙarƙashinta kamar akwai sauran iskar gona, amma tasa ce, da kaurinta da jan ƙafarta. Ban juyo ba, don na san yanzu abin da kallo yake yi masa. Na ce wa murhun, "Ai dama."

Danne-dannen ya ci gaba. Ya daɗe wannan karon. Ya goge, ya sake.

"Anje. Yarinya. Ajiye tulun nan ki zo ki zauna. Gobe ta yi."

Na ajiye tulun. Na jawo kujera kusa da shi, na juya ta wajen taga, na zauna ina kallon gona.